An bar jaki ana dukan taiki: martani ga masu gadin Ingilishi

Ƴan'uwa ɗalibai, bari in fara da abin da ya faru gabana, don kada wani ya ce daga littafi na kwaso fushina.

Muna da ƴar ƙungiya ta masu koyon Ingilishi, muna haɗuwa kowace Asabar bayan la'asar. Wata rana wani ɗalibi ya shigo a makare, ya yi tuntuɓe da ƙafar benci, takardunsa sunka watse ƙasa. Wata ƴar ajinmu, ƴar Maradi kamar ni, ta duƙa tana taya shi tsincewa, ta ce masa «sorry». Iyakar abin da ta ce ke nan. Mai jagorancin zaman, wanda ya girme mu da aji biyu, ya dakatar da komai, ya juyo ya tambaye ta cikin Ingilishi ko ita ta ture shi. Ta ce a'a. Ya ce to haƙurin mi take ba shi? Wai wanga Ingilishin Kantin Kwari ne, Bature ba ya cewa «sorry» sai in shi ya yi laifi. Anka yi dariya. Ni ma na murmusa, kuma har yau ina jin kunyar murmushin nan.

Ba a yi minti goma ba shi wanga mai gyara ya buɗe baki ya ce yana «actually» a shekara ta uku, yana nufin a halin yanzu. Ya kuma roƙe mu kowa ya «assist» taron mako mai zuwa, yana nufin kowa ya halarta. Ba wanda ya yi dariya, don dukanmu da kunnen Faransanci munka saurare shi, munka ji daidai. Ita kuwa yarinyar, Asabar uku ke nan ba ta zo ba. Kuma duk wanda ke zuwa zaman ya san ta fi mu sakin baki da harshen, don kusan duk hutu wajen gwaggonta take yin shi a Katsina.

Abin da nake so in ce a takardar nan shi ne: mun iya farautar kuskuren da ba kuskure ba ne, mun bar wanda ke cutar mu yana yawo. Kuma maganar ta wuce wasan ɗalibai. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuwa harsunan aiki. Ingilishin da da muke ɗauka wani darasi ne da ake fara mana a ajin farko na kwaleji, mu haddace jerin aikatau mu manta, yanzu ya kama hanyar shiga ofis da takardar neman aiki. Irin tarbiyyar da za mu yi wa bakinmu yau ita ƙannenmu za su gada. In munka koya musu tsoro, tsoro za su iya.

Mako guda bayan abin da ya faru, jagoran namu ya raba mana takarda mai shafi biyu, jerin kalmomin da wai jama'a ke ɓatawa. Na ajiye tawa, ga ta nan gabana. Bari mu bi kaɗan daga ciki.

Ta farko «literally». Wai ma'anarta «a zahiri, ba da ƙari ba», don haka haramun ne mutum ya ce ya «literally» mutu da dariya tunda ga shi da rai. To, marubutan Ingilishi suna amfani da ita don ƙarfafa magana tun ƙarni na 18, Charles Dickens ma ya yi, kuma manyan ƙamusoshin harshen sun rubuta wagga ma'ana ta biyu. Amma ku bar ƙamus. Ku dubi «very», kalmar da ba wanda ya taɓa tuhuma. Daga tsohon Faransanci ta fito, «verai», uwar «vrai» da munka sani, wato gaskiya. Ku dubi «really». Duk hanya ɗaya sunka bi: kalmar da ke nufin gaskiya ta koma kalmar ƙara wa magana nauyi. Mu kanmu mi muke yi da «wallahi» da «da gaske» da «ƙwarai»? Wanda ya ce wallahi yunwa ta kashe shi, ba wanda ke zuwa da likkafani. Abin da «literally» ke yi yau, kakarta «very» ta yi shi shekaru ɗaruruwa da sunka wuce, kuma sama ba ta faɗo ba.

Ta biyu «decimate». Wai tunda sojojin Rum in runduna ta yi tawaye akan kashe mutum ɗaya cikin goma, to ba a faɗin kalmar sai in kashi ɗaya cikin goma ne ya halaka. Madalla. In asali ne alƙali, sai mu gyara kalanda, don Disamba daga «decem» ta fito, wato goma, Satumba kuwa daga bakwai. Wa zai je ya shaida wa ma'aikata cewa albashin Disamba na watan goma ne? Faransancin da muke taƙama da shi ma «décimer» yake cewa in annoba ta share garke, ba ya tsayawa ƙirga.

Ta uku «irregardless». Wagga ni ma ba na son ta, tana da nauyi a baki. Tana cikin ƙamus ɗin Merriam-Webster tun 1934 da gargaɗin cewa ba daidaitacciya ba ce. Amma tambayata: a cikinmu wa ya taɓa faɗinta? Ban taɓa jin ta bakin ɗan Zinder ko ɗan Tahoua ba. Rigimar Amurkawa ce tsakaninsu, munka kwaso ta munka buga a takarda, munka biya kuɗin fotokofi, don mu warkar da cutar da ba ta kama mu ba.

Abin da malamanmu na kimiyyar harshe sunka fara koya mana a shekarar farko shi ne ma'ana tafiya take yi. «Nice» da ake yabo da ita yau, asalinta Latin «nescius», wanda bai sani ba, kuma da ta shiga Ingilishi wawa take nufi. «Silly» da ke nufin wawa yau, da can mai albarka take nufi. Sun yi musayar wuri ke nan kusan. «Girl» yaro ne ko yarinya. «Meat» abinci ne kowane iri. «Deer» dabba ce kowace iri. Duk wanda ya fara amfani da ɗayansu da sabuwar ma'ana, a kunnen dattijan zamaninsa kuskure ya yi. Da an sami mai takarda mai shafi biyu a lokacin, da ya saka su ciki.

Ba sai mun je Ingila ba. Ku sa hannu aljihu. «Dala» da muke ƙirga kuɗi da ita, dangin dalar Amurka ce, dukansu daga sunan tsohon kuɗin azurfa na Turai sunka samo asali. A bakinmu ta zama tamma biyar. Je ka kasuwar Maradi ka ce wa mai ƙosai ta ɓata kalmar, ka ga abin da za ta ce maka. «Kanti» daga wurin cin abincin sojoji da ma'aikata ya fito, mu munka mai da shi shago. «Mushe» daga «monsieur» ne, mu munka ce malamin lakwal kaɗai ke nan, ko da a rubuce ya yi kama da abin da angulu ke ci. Wa ya ba mu izini? Ba kowa. Haka harshe ke aro: ya karɓi kaya, ya yanke shi daidai jikinsa.

To daga ina masu gadin sunka samo sandarsu? Tana da tarihi, kuma ba mai tsawo ba ne. A 1712 Jonathan Swift ya nemi a kafa wa Ingilishi majalisa da za ta tsare shi kada ya canza, irin wadda Faransa ta kafa a 1635. Ba a kafa ba, har gobe babu ita. A 1755 Samuel Johnson ya fitar da babban ƙamus ɗinsa, kuma a gabatarwa shi da kansa ya amsa cewa ya fara aikin da burin daskarar da harshen, ya gane ba mai iyawa. A 1762 wani malamin coci, Robert Lowth, ya buga ɗan littafin nahawu da ya yi tashe ƙwarai. A ciki ya yanke cewa korewa biyu a jimla ɗaya suna kashe juna, kamar a lissafi. Alhali Chaucer, wanda Ingilawa ke ɗauka uban waƙarsu, yana jera korewa biyu har uku ba tare da kowa ya ruɗe ba. Bafaranshe ma yana cewa «je n'ai rien dit à personne», ba wanda ya ce masa ya faɗa wa kowa komai. Dokoki da dama da ake tsoratar da mu da su, ra'ayin wasu mutane ne masu suna da shekarar haihuwa, sunka rubuta abin da ya yi wa kunnensu daɗi, makaranta ta mai da shi farilla.

Mu kuma ƴan Nijar mun zo da namu ciwon. An raine mu da «dictée», inda kowane kuskure ke cin maki har a kai sifiri. Mahaifina ya ba ni labarin «symbole», ƙashin da ake ɗaura wa igiya a rataya wa yaron da anka ji ya yi Hausa a lakwal, shi kuma ya yi ta kasa kunne har ya kama wani ya sauke masa, wanda ya kwana da shi ya sha bulala. Ku lura da dabarar: ba malam ke farauta ba, yara ke farautar junansu. An daina rataya ƙashin a yawancin wurare, amma halin ya zauna. Abin da na gani ranar Asabar ɗin nan shi ne: ɗalibi ya sami wanda zai rataya wa, sauranmu munka yi dariyar jin daɗin ba mu ba ne.

Yanzu mu koma kan «sorry», don nan ne abin ya fi ba ni haushi. Ko da ma'aunin shi mai gyaran, bai yi daidai ba. Kalmar daga tsohon Ingilishi take, dangin «sore», wato ciwo. Ma'anarta ta fari jin zafi a zuciya. Ta neman gafara daga baya ta zo. Har yau Ba'ingile in ya ji an yi maka rasuwa yana cewa yana «sorry», kuma ba shi ya kashe mamacin ba. Abin da ƴan Najeriya da Gana sunka yi shi ne sun faɗaɗa wagga tsohuwar ma'ana ta kai ga tuntuɓe da tari da atishawa, don suna da wani gurbi a al'adarsu da ke neman kalma. Gurbin nan mun san shi, sunansa «sannu». Bahaushe ba ya iya ganin mutum ya faɗi ya yi shiru. In Ingilishin Landan ba shi da «sannu», wanga talaucinsa ne, kuma maƙwabtanmu sun yi masa sadaka.

Haka «well done» da ake ce wa mai aiki tun bai gama ba: sannu da aiki ce. Haka tambayar mutum yadda ya kwana. Haka «I am coming» da mutum ke faɗi yana fita: «ina zuwa» ce tamu, kuma mu da ke dariya, mi muke nufi da «j'arrive» in muna barin ɗaki? Yayana yana sayo kaya Kano, yana bi ta Dan Issa da Jibiya. Bai wuce aji huɗu a kwaleji ba. Da wanga Ingilishin da ake rainawa yake ciniki da Ibo da Yarabawa, da shi yake sasantawa a shingen hanya, da shi ya biya mini kuɗin rajista shekara biyu. Ni mai karatun nahawu ban taɓa samun ko dala da nawa ba.

Ga wani abu da jagoranmu bai saka a takardarsa ba. A watan Janairu na 2020 ƙamus ɗin Oxford, wanda masu gadin ke rantsuwa da shi, ya shigar da kalmomi 29 na Ingilishin Najeriya. A ciki akwai «okada», akwai «danfo», akwai «next tomorrow» wato jibi, akwai «ember months», akwai «Kannywood» ma. Masu ƙamus sun san abin da ɗalibinmu bai sani ba: masu magana da Ingilishi a matsayin harshe na biyu sun fi waɗanda sunka tashi da shi yawa nesa ba kusa ba. Mai gida ya buɗe ƙofa, maigadi ne ke ta zare ido.

To shin babu kuskure ke nan, kowa ya faɗi abin da ya ga dama? A'a. Akwai kuskure, kuma ma'auninsa ɗaya: ka faɗi abu, mai saurare ya ji wani abu dabam, kai kuma ba ka san hakan ta faru ba. In anka auna da wanga ma'auni, jakin da munka bari shi ne kalmomin da ke kama da na Faransanci a fuska amma cikinsu dabam. Su ne ramin da ke gabanmu mu ƴan makarantar Faransanci, kuma ba za ka same su a jerin da Amurkawa sunka rubuta don kansu ba.

«Actually» ba «actuellement» ba ce. Tana nufin a gaskiya, sau da yawa ma da ɗan ƙamshin musu. «Assist» taimakawa ce, ba halarta ba. «Library» ɗakin karatu ne, ba shagon littafi ba, kuma a nan Faransanci ne ya gusa, don Montaigne «librairie» yake kiran ɗakin littattafansa. «Sensible» mai hankali ne, ba mai saurin jin abu a rai ba. «Deception» yaudara ce. In ka rubuta wa wani cewa taronsa ya zame maka «deception» kana nufin bai gamsar da kai ba, ka kira shi macuci ke nan. «Delay» jinkiri ne, ba wa'adi ba. Mafi haɗari ita ce «eventually». Mu muna jin «éventuellement», wato mai yiwuwa, in hali ya yi. Ba'ingile yana jin tabbas, ko ba jima ko ba daɗe. Ɗan kasuwar da ya rubuta cewa zai «eventually» sayi buhu ɗari, a zatonsa ya bar wa kansa ƙofar fita, alhali ya yi alkawari.

Ina da aboki da ya nemi tallafin karatu a wata ƙasa mai Ingilishi. A wasiƙarsa ya rubuta «I demand», yana nufin ina roƙo, don «demander» ke kansa. A Ingilishi wanga kamar ka buga tebur ne ka ce a ba ka haƙƙinka. Ya kuma rubuta cewa ya «passed» jarrabawa a watan Yuni, yana nufin ya zauna ta, don haka «passer un examen» ke nufi. Su kuwa sunka ji ya ci. Sunka nemi takardar shaidar cin, alhali sakamako bai fito ba. Kafin ya gama bayanin cewa ba ƙarya ya yi ba, wa'adi ya wuce. Shekara guda ta tafi kan kalma biyu. Wanga abokin nawa ya san bambancin «who» da «whom» kamar sunansa, an sha yi masa jarrabawa a kai. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi minti biyar kan «pass».

Na san abin da za a ce mini, kuma ba zan kauce masa ba. Za a ce: kai ɗan jami'a, kana da lokacin falsafa, yaron da zai zauna bak, ko TOEFL, mai gyaran takardarsa ba ya tambayar tarihin «sorry», jan biro kawai yake ja. Gaskiya ne. Daidaitaccen Ingilishi yana nan, yana buɗe ƙofofi, kuma malamin da ya ƙi koya wa ɗalibi shi ya zalunce shi. Ni ma shi nake rubutawa a jarrabawa. Inda muka rabu da masu gadin shi ne yadda ake faɗa. Akwai bambanci tsakanin «wanga kuskure ne, Ingilishin jahilai» da «wanga haka ake faɗinsa a Kano, a Landan kuwa ga yadda za su ce, a takardar jarrabawa rubuta na biyun». Na farko yana rufe baki. Na biyu yana ƙara wa mutum riga a akwati, ya san wadda zai sa zuwa gona da wadda zai sa zuwa ɗaurin aure. Kuma na biyun ne gaskiya a ilimance.

Mu dai bai kamata a yi mana dogon bayani kan wanga ba. Daidaitacciyar Hausa kan karin Kano anka gina ta. Wa cikinmu bai taɓa jin an kwaikwayi «munka» da «wanga» da «mi kake so» ana dariya ba, kamar ba Hausa ba ce? Mun san zafin, mun kuma san amsar: karinmu ba ɓataccen Kananci ba ne, yana da nasa tsari, wasu siffofinsa ma sun fi na Kano tsufa. In mun yarda da wanga hujja a kan harshen uwarmu, da wane baki za mu hana ta ga Ingilishin maƙwabta?

Tunda ana son jerin kalmomin ƙi, ga nawa. Duk cikinsu babu wadda ta karya dokar nahawu. Laifinsu ya fi haka girma.

Ina ƙin «illiterate» yadda ake amfani da ita a rahotanni kanmu. Kakana ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta wasiƙa da ajami, yana riƙe lissafin bashin gyaɗarsa a takarda. Mai ƙidaya ya zo, ya tambaye shi ko ya yi lakwal, ya ce a'a, anka rubuta shi cikin waɗanda ba su iya karatu ba. Wagga ita ce kalmar da anka yi amfani da ita ba daidai ba, da ma'anar ƙamus ɗin kansa, kuma ban taɓa ganin ta a jerin kowa ba.

Ina ƙin «dialect» da «vernacular» in ana nufin Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci. A kimiyyar harshe «dialect» reshe ne na harshe, kamar Katsinanci ko Damagaranci ko Adaranci a cikin Hausa. Hausa kuwa reshen wa ce? Masu jin ta sun fi masu harshen Holan da na Suwidin yawa ko an haɗa su, BBC tana watsa shiri da ita tun 1957. «Vernacular» asalinta kalmar Latin ce ta bawan da anka haifa a gida. Na riga na ce asali ba hujja ba ne, ba zan janye ba; abin da nake ƙi shi ne aikin da take yi yau, na ware harsunan da sunka cancanci allo da waɗanda sunka cancanci tsakar gida.

Ina ƙin «food insecurity». Ina ƙarami a 2005 lokacin da yunwa ta faɗa wa yankin Maradi, amma na tashi na tarar da labarin, da yadda anka yi ta jayayya ko a kira abin «famine» ko a kira shi wani suna mai sanyi, yara kuwa na kwance a cibiyoyin tamowa. Mutanenmu ba su ɓoye wa yunwa suna, har laƙabi suke ba ta don kada a manta. Kakata har yau da shekarar El-Buhari take ƙirga haihuwar ƴaƴanta, wato yunwar 1984 da ta haɗu da rufe iyaka. Kalmar ofis kuwa an ƙera ta ne don a karanta ta ba tare da cikin mai karatu ya juya ba.

Ina ƙin «beneficiaries», don tana mai da manomi mai suna da gona ya zama hannu a miƙe. Ina ƙin «resilience» in ta fito bakin wanda bai taɓa kwana da yunwa ba, don sau da yawa fassararta ita ce: sun saba, za su jure. Ina ƙin «empowerment» in abin da ke ƙarƙashinta akuya biyu ne da hoto. George Orwell ya yi gargaɗi tun 1946 kan yadda harshen siyasa ke lulluɓe mummunan abu da lafazi mai taushi. Mu da za mu zama masu fassara da masu rubuta rahoto gobe, waɗanga kalmomi ne za a miƙo mana mu juya su Hausa a gaban dattijan ƙauye. Ku gwada fassara «resilience» ga tsohuwar da rumbunta ya ƙare tun watan uku, ku ga ko bakinku zai iya.

Kada a ce ƙi kawai na iya, ina da waɗanda nake so. Ina son «breakfast», don ranar da na gane karya azumin dare take nufi, na ji kamar na haɗu da ɗan garinmu a baƙuwar tasha: karin kumallo ke nan. Ina son «goodbye», wadda guntun addu'a ce, Allah ya kasance tare da kai, ta lanƙwashe don yawan faɗi. Ashe su ma da Allah ya kiyaye suke sallama. Ina son «window», aro daga harshen mutanen arewacin Turai, ma'anarta idon iska. Ina son «neighbour», mazaunin kusa. Wadda na fi so duka ita ce «sorry» ta Katsina, wadda ake faɗa wa wanda ya yi tuntuɓe.

Ga shawarata ga ƙungiyarmu da ire-irenta a Zinder da Tahoua da Maradi. Mu ajiye jerin da munka aro, mu rubuta namu da hannunmu: kalmomin da Faransanci ke yaudararmu da su, kowace da jimlar da wani cikinmu ya taɓa faɗawa ramin. Mu buɗe shafi na biyu don Ingilishin Najeriya da Gana, gefe guda yadda ake faɗi can, gefe guda yadda za a rubuta a jarrabawa, ba tare da kalmar «kuskure» a saman shafin ba. Mu sa doka cewa ba a katse mai magana don gyara. A rubuta, a faɗa masa bayan ya gama, kuma mai gyara ya zo da hujjarsa daga ƙamus, ba daga fim ba.

Ga jagoranmu kuwa, in wagga takarda ta iso hannunka: ban rubuta don in rataya maka ƙashin ba, in na yi haka na zama abin da nake zagi. Kana da ƙoƙari, kai ka tara mu tun farko, kuma «actually» ɗinka irin tawa ce, ni ma shekara biyu na yi ina faɗinta haka kafin wata malama ta ja ni gefe ta gaya mini a hankali. Abin da nake nema gare ka ƙarami ne. Ƴar'uwarmu tana nan, ajinta bai canza ba. Ka same ta kafin Asabar, ka faɗa mata kalmar nan da kai kanka ka ce ana faɗinta in mutum ya yi laifi. Ni na riga na je na faɗi tawa, saboda murmushin.